HAR YAUSHE ZA A RIƘA AUNA MATASANMU BA A TAMBAYAR SU?

Ya kai mai karatu, akwai wani rukuni a cikin al'ummarmu wanda kullum ana magana a kansa, amma da wuya ka ji an zauna an yi magana da shi. Ina nufin samari da 'yan matan da suka fita daga ƙuruciya amma ba su kai ga zama magidanta ba, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shekarunsu daga 10 zuwa 19. Iyaye suna kuka da su, malaman makaranta suna kuka da su, 'yan siyasa ba sa tunawa da su sai ranar yawon kamfe. Masu binciken lafiya kuwa in sun shigo unguwa da takardunsu, sai su ɗora wanda suka samu a kan sikeli, su rubuta abin da za su rubuta, su shiga motarsu su kama gabansu.

Abin da nake so in jawo hankalinmu gare shi a wannan mako shi ne, lokaci ya yi da za a daina ɗaukar waɗannan yara a matsayin abin awo kawai idan ana binciken abincin da suke ci da yadda suke motsa jikinsu. Kamata ya yi a damƙa musu biro da littafi su shiga cikin masu binciken, su yi tambaya, su ƙirga, su kawo sakamakon gaban manyan unguwa. Zan kawo hujjojina, zan kuma kawo abin da masu ja za su iya cewa, daga nan sai mai karatu ya yi alƙalanci da kansa.

ME YA SA WAƊANNAN SHEKARU?

Masana sun tabbatar da cewa a cikin waɗannan shekaru ne ɗan Adam yake tara kusan rabin nauyin da zai yi idan ya girma, da kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa, kuma a lokacin ne ƙashinsa yake yin ƙwari. In ka ɗebe shekarun jarirantaka, babu wani lokaci da jiki yake girma da sauri kamar wannan. Yarinyar da ta fara al'ada tana rasa jini kowane wata, saboda haka buƙatarta ta sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake ƙera jini, tana ƙaruwa. Daɗin daɗawa, a nan ne yaro yake fara riƙe kuɗi a hannunsa yana zaɓar abin da zai saya ya ci ba tare da uwarsa ta sani ba, kuma abin da ya saba da shi a nan da wuya ya rabu da shi har tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, mene ne halin da ake ciki? Babban binciken lafiya da yawan jama'a da gwamnatin Nijeriya ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma abin ya haura rabin yaran. Ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A cikin waɗannan matan, kashi 12 ramewa ta yi musu yawa, kashi 28 kuma ƙiba ce ta yi musu yawa. Ka ji masifa biyu a gida guda: ga yunwa ga teɓa, wani lokaci ma a tsakar gida ɗaya. Binciken ya kuma nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da juna biyu. Ashe ke nan yarinyar da take da ƙarancin jini yau, ita ce uwar jaririn da za a ɗora a sikeli gobe.

A ɓangaren motsa jiki kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kimanin minti 60 a kowace rana yana motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. A 2019 masanan hukumar suka fitar da sakamakon wani nazari da ya haɗa ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, inda suka samu kashi 81 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ƙa'ida. A wajen 'yan mata adadin ya kai kashi 85, a wajen samari kuma 78.

INDA ALƘALUMAN SUKA YI SHIRU

Amma fa mai karatu ya lura da wani abu. Wancan bincike na 2018 ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya auna, sai mata daga shekara 15 zuwa sama. Yaron da yake da shekara 12 da yarinyar da take da 13 sun faɗa a rami tsakanin biyu, ba a ɗora su a sikeli ba. Shi kuma nazarin motsa jiki, ɗaliban da suke cikin aji ya ƙirga. Alhali hukumar UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makarantar boko a Nijeriya, kuma kowa ya san inda mafi yawansu suke. Ina almajirin da yake yawo da roba daga safe zuwa dare? Ina yarinyar da take tallar awara a tasha? Ina yaron gareji da yaron shago da mai tura baro a kasuwa? Waɗannan suna motsa jiki har ya wuce kima, matsalarsu abin da zai mayar musu da ƙarfin da suka ƙona. Ɗan uwansu da ake kaiwa makaranta a adaidaita sahu ya dawo ya kwanta da waya a hannu, tasa matsalar daban ce. In aka cusa su duka cikin alƙalami guda, an ɓata bayanin kowa.

Bayan wannan kuma, ko da an zo an yi tambaya, wa ake tambaya? Akan sami maigida ko uwargida a ce me aka dafa jiya. Za ta ce tuwon masara da miyar kuka, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ba ta sani ba shi ne ɗanta ya tsallake tuwon ya tafi teburin mai shayi ya ci taliyar leda, ya kora da lemon kwalba. Ba ta san 'yarta ta tara kuɗin tara na kwana uku ta biya bashin ankon biki ba, tana wuni a aji da yunwa. Baƙon da ya zo da takarda ba zai taɓa jin wannan ba, domin babu budurwar da za ta buɗe wa baƙon namiji cikinta, babu saurayin da zai amsa a gaban mahaifinsa cewa bai karya ba. Amma ƙawarta ta sani, abokinsa ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan mas'ala masu ɗakin su ne matasan.

ABIN DA AKA GWADA A TURAI

Wasu ƙasashe sun riga sun gane haka, sun kuma gwada. Daga 2018 zuwa 2023 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna CO-CREATE, ƙarƙashin jagorancin Cibiyar Kula da Lafiyar Jama'a ta ƙasar Norway, da nufin shawo kan ƙibar da take addabar matasansu. An kafa ƙungiyoyin samari da 'yan mata 'yan makarantar sakandare a ƙasashe biyar: Norway, Holan, Folan, Fotugal da Birtaniya. Maimakon a tara su a yi musu lacca a raba musu takarda, sai aka koya musu dabarun bincike. Suka fita suna ɗaukar hotunan abin da ake sayarwa a kewayen makarantunsu, suka yi wa 'yan uwansu tambayoyi, suka zana taswirar yadda wannan dalili yake haifar da wancan, tun daga tallar kamfanoni a waya har zuwa damuwar da take sa mutum cin abin da ba ya buƙata. Daga nan aka zaunar da su teburi guda da masu riƙe da mulki da 'yan kasuwa, suka kare shawarwarinsu baki da baki.

A ƙarshe suka fitar da buƙatu huɗu: a hana tallata abinci marar amfani ga duk wanda bai kai shekara 18 ba, a koyar da sanin abinci da girki a makarantu tare da gyara abin da ake sayarwa a cikinsu, a sa haraji a kan lemuka masu zaƙi, a kuma samar wa kowane yaro wasannin motsa jiki kyauta aƙalla sau ɗaya a mako. Mai karatu ya duba da kyau. Babu inda yaran nan suka ce a ƙara yi musu nasiha su rage ci. Da aka ba su dama suka duba da idonsu, sai suka gano cewa galibin matsalar tana cikin abin da aka kewaye su da shi: me ake sayarwa, nawa ake sayarwa, wa yake talla, ina filin wasa. Wannan ita ce babbar fa'idar sa matashi cikin bincike, yana ɗauke yatsa daga kan yaro ya mayar da shi kan tsarin da manya suka gina.

SAIWAR ABIN TANA NAN GIDA

Wani zai ce wannan ai harkar Turawa ce da suka ƙoshi. To, bari in tunatar da mu cewa tunanin damƙa wa talaka ma'auni a hannunsa yana da saiwa a ƙasarmu. Wani likitan yara Baturen Ingila mai suna David Morley ya zo Nijeriya a 1956, ya yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile, wanda yanzu yake cikin Jihar Osun. A can ne ya ƙirƙiro katin awon jarirai wanda ake ba uwa ta riƙe a gida tana ganin hawa da saukar nauyin ɗanta, irin katin da har yau matanmu suke ɗauka zuwa asibiti. Da ya koma Landan, a 1978 shi da wani masanin ilimi mai suna Hugh Hawes suka kafa wani shiri na yaro ya koya wa yaro kiwon lafiya. Hujjarsu ita ce, a ƙasashe irin namu yayye ne suke goyon ƙanne, saboda haka su ya kamata a fara koya wa. Tsarin nasu mai sauƙi ne: yara su zaɓi matsala, su fita su binciko ta a gidajensu, su dawo su tattauna abin da suka samu, su tsara mataki, su aiwatar, sannan su duba ko an samu canji.

An gwada wannan a wani ƙauye mai suna Ajoya a ƙasar Meziko, inda 'yan makaranta suka bi gidajensu suna ƙirga jariran da suka yi gudawa, suna kuma rubuta wanda yake shan nonon uwa da wanda ake ba madara a bulumboti. Da suka haɗa lissafin a kan allo, sai ga shi ƙarara gudawa ta fi yawa nesa ba kusa ba a wajen masu shan bulumboti. Babu likitan da ya gaya musu. Su suka gano, su suka kai wa iyayensu mata labari, kuma magana daga bakin ɗanka da lissafin gidanka ta fi shiga kunne a kan sanarwar rediyo.

Ga kuma misali daga maƙwabtanmu na Damagaram. A gundumar Mirriya ta Jamhuriyar Nijar, tsakanin 2013 da 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa dubban iyaye mata yadda ake amfani da ɗan zaren nan mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, wato kaurin damtsen bai kai milimita 115 ba, tamowa ta yi tsanani. Ruwan ɗorawa gargaɗi ne, kore kuma lafiya. Aka kwatanta aikin waɗannan mata, waɗanda da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, da na ma'aikatan sa kai da aka horar. Sakamakon ya nuna matan ba su gaza ba, har ma sun fi saurin gano yaro tun ciwo bai ci ƙarfinsa ba, aka samu raguwar waɗanda sai an kwantar a asibiti. To, in uwar da ba ta yi boko ba za ta iya wannan, me zai hana 'yarta mai aji biyar a sakandare ta riƙe littafi ta rubuta abin da 'yan ajinsu suka ci jiya?

ME ZA SU BINCIKO A UNGUWANNINMU?

Abin ba ya buƙatar kwamfuta ko kuɗin waje kafin a fara. A sami samari goma da 'yan mata goma a unguwa, da malami ɗaya, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ɗaya da za ta duba aikinsu. Su fara da ƙofar makarantarsu: me ake sayarwa a lokacin tara, kuma nawa-nawa? Da kuɗin da yaro yake zuwa da shi, me zai iya saye a cikin ƙosai, ɗanwake, awara, dafaffen ƙwai, gyaɗa, fanke, alewa da lemon leda? Su tambayi 'yan uwansu mutum nawa ne suka shigo aji ba su karya ba, da dalili. Su karanta jikin kwalaben lemo su lissafa sugan da yake ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu a rana, wanda ga babba ya kama kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12. Kwalba ɗaya mai rabin lita ta wasu lemukan ta riga ta cinye wannan kaso. Yaron da ya auna cokali 12 na suga ya zuba a faranti a gaban 'yan ajinsu ba zai manta ba, su ma ba za su manta ba.

Su je kasuwa su rubuta farashin wake, waken suya, ƙuli-ƙuli, zogale, rama, yakuwa, busasshen kifi da nono, wata bayan wata, su fitar da abin da ya fi gina jiki a kan kuɗi kaɗan a kowane lokaci na shekara. Su binciki 'yan mata nawa ne suke kora abinci da baƙin shayi, domin an tabbatar shayi yana rage wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, lemon zaƙi da gwaba da tumatir kuwa suna ƙara ta. Su zaga unguwa su zana inda filin wasa yake da inda yake a da kafin a yanka shi a gina shaguna. Su tambayi kakanninsu yadda aka yi langa da kokawa da gaɗa a dandali, da yadda daka da surfe da ɗebo ruwa suke motsa jikin mace, sannan su tambayi kansu me ya maye gurbin waɗannan bayan zuwan injin niƙa da gidan kallon ƙwallo da waya. Musamman su binciko amsar tambayar da babu wanda yake yi: ina budurwa za ta motsa jikinta a cikin sutura da mutunci, a wurin da iyayenta za su yarda? Ita kaɗai za ta iya faɗin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

MASU JA DA HUJJOJINSU

Na san akwai masu cewa yaro yaro ne, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a sakar musu ragama ba. Babba ne zai tsara, ya duba lissafi, ya gyara kuskure. Amma akwai lungun da babba ba ya shiga, akwai hirar da ake katsewa da zarar an ji takunsa. Hangen nesa na babba ne, sanin lungu na yaro ne, kuma bincike yana buƙatar duka biyun.

Wasu za su ce wannan zai koya wa yara rashin kunya, yaro ya tsaya yana tambayar magidanci abin da aka ci a gidansa. Wannan tsoro yana da tushe, domin cikin gida sirri ne, kuma babu mai son a san tukunyarsa ba ta hau wuta ba. Maganinsa shi ne matasa su taƙaita ga tsararrakinsu da kasuwa da makaranta da fili, kada a rubuta sunan kowa ko na gidan kowa, mata su tambayi mata, maza su tambayi maza. Yaron da aka koya wa yin sallama, neman izini, sauraro ba katsewa da riƙe sirri, tarbiyya aka ƙara masa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa mutane ba jahilci ne ya hana su cin mai kyau ba, babu ce. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman gwamnati da kanta. Wane bincike za ka yi wa wanda bai ci ba? Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce bincike zai cika tukunya ya yi ƙarya. Sai dai a tuna, yunwar da ba a rubuta ba ita ce mahukunta suka fi saurin musantawa. Shugaban ƙaramar hukuma zai iya kawar da kai daga koke-koken baki, amma zai ji nauyi in 'yan makaranta suka tsaya a gabansa da takarda suka ce a ajinmu mutum kaza cikin kaza ne suke zuwa ba karin kumallo, ga lissafin wata uku. Haka nan a 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi a ƙasar nan. Matashin da ya san wannan, ya kuma san abin da suga yake yi wa jiki, shi ne zai iya tambayar ina kuɗin suke shiga, kuma me aka yi wa lafiyarsa da su.

KADA A MANTA DA 1996

Akwai kuma wani tabo da ba zai yiwu a yi maganar bincike a ƙasar Hausa a tsallake shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya ce cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003, abin da ya jawo cutar ta sake bazuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Darasin da yake cikin wannan shi ne, al'ummar da ba ta san yadda ake bincike ba tana tsakanin haɗari biyu: ko ta miƙa wuya ga kowane baƙo, ko ta kori kowa har da mai amfani. Mafita ita ce ta samu 'ya'yanta da suka san ƙa'idar abin. Nijeriya tana da kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, da kundin ƙa'idoji tun 2007, amma mutum nawa ne a unguwa suka san da su? Yarinyar da ta taɓa neman izinin ƙawarta kafin ta yi mata tambaya, ta kuma gaya mata tana da 'yancin ƙin amsawa, gobe in wani ya zo da allura ko takarda gidan mijinta, ta san abin da za ta tambaye shi.

Saboda haka duk jami'a ko ƙungiya ko ma'aikatar da take son aiki da yaranmu, ga sharuɗɗa. A nemi yardar iyaye da ta yaron kansa, da Hausar da kowa zai gane. Kada aikin ya ci lokacin karatunsu, na boko ko na allo. Kada a mayar da su leburorin cika takarda a sallame su da riga da hula, a bar su su sa baki tun daga zaɓen tambaya. A sa almajirai da 'yan talla da yaran sana'a a ciki, kada a tsaya ga 'ya'yan masu hali. A biya su wahalarsu daidai gwargwado, a kuma ba su shaidar da za ta amfane su gaba. In an gano yaro mai tamowa ko yarinya mai ƙarancin jini, a kai su asibiti, kada a bar su a matsayin lamba a littafi. Uwa uba, a dawo da sakamakon ƙofar mai unguwa a karanta shi a bainar jama'a kafin a kai shi wani otal a Abuja.

KIRA

Kirana na farko ga malaman makarantun sakandare da na Islamiyya ne, domin yaran suna hannunku kuma iyaye sun amince da ku. Ba sai kun jira wata ƙungiya ta zo da mota ba. Littafi ɗaya, sikeli ɗaya na aro daga asibitin unguwa da zango guda na karatu sun isa a fara. Sai malaman sashen lafiyar al'umma na jami'o'inmu na Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri, da kwalejojin koyon aikin lafiya: ku da kuke tura ɗalibai ƙauyuka kowace shekara, ku haɗa kowane ɗalibi da matasan garin, ku bar musu sanin in za ku tafi. Da ɗan gari akan ci gari. Masu unguwanni da dagatai da hakimai kuma, ranar da yaran nan suka zo da sakamakonsu ku shimfiɗa musu tabarma ku saurara, ko da abin da suka gano ya taɓa filin da wani babba ya sayar.

Ku kuma iyaye, in ɗanku ko 'yarku suka zo neman izinin shiga irin wannan aiki, ku bincika wa yake jagoranta, ku tabbatar da tsarinsa, sannan ku sa albarka. Ku kuwa samari da 'yan mata, wayar da take hannunku tana iya ɗaukar hoton kwatar da ta cinye filin wasanku, tana iya lissafa farashin mudun wake. Jikin nan da ake magana a kansa naku ne, ku za ku zauna a cikinsa shekara hamsin ko sittin masu zuwa in Allah ya yi tsawon rai, da hawan jininsa ko da lafiyarsa. Ku fara tambaya tun yanzu, da ladabi, da lissafi.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya yassare wa magidanta abin da za su ciyar da su.